Baƙon Maƙogwaro

A Arba Minci, tun rana ba ta taɓa ganyen ayaba ba,
na kafa tebur a gindin mangwaron makaranta:
tsinke mai kan auduga, tocila, akwatin ƙanƙara.
Buɗe baki. Zaro harshe. Ce aaa.
Haka nake gaisawa da mutane yanzu,
ba da hannu ba, ta bayan belu.

Masuntan tafkin Camo sun zo da ƙarnin kifi a riga,
ɗaliban firamare suna ture juna,
wani tsoho ya tsaya sai an faɗa masa
me auduga ta ajiye a wuyansa da za ta je ɗauka.
Na ce, baba, baƙo muke nema.
Ya ce, baƙon da bai yi sallama ba?
Na ce, shi.

Ba ya biyan haya, ba ya ɓata ɗaki.
Yakan yi wata uku, huɗu, a maƙoshin mutum,
mai gida na cin injerarsa, yana waƙa a coci,
ko tari babu.
Sai ya bi atishawa ya sauya unguwa,
ya bi raɗa, ya bi dariya a motar da aka rufe wa gilashi,
ya bi numfashin mutum bakwai a ɗaki ɗaya.
Gida dubu zai kwana lafiya.
A na dubu da ɗaya ya tarar da ƙofar jini a buɗe.

Zinash shekararta shida.
Ranar Talata ta ce haske yana cizon idonta,
Laraba wuya ya ƙi lanƙwasa,
Alhamis aka nemo mai sassaƙa akwati.
Sanƙarau, in ji takardar asibiti, kalma ɗaya,
ta fi takalmanta nauyi.

Washegari da safe nake buɗe farantan,
bayan sun kwana cikin ɗumi irin na jikin mutum.
Yawanci ba komai sai tarkacen baki.
Amma lamba ɗari biyu da sha huɗu
ta tsiro ɗige-ɗige, toka-toka, masu sheƙi,
kamar raɓa a kan tire.
Kyawawa ne. Wannan ne abin da ba na faɗa wa kowa.

Na san lambar.
Tariku ne, yaron motar hanyar Sodo,
mai faɗin ƙirji, wanda ya yi dariya da auduga ta taɓa shi,
wanda kullum dare yakan kawo wa ƙanwarsa rake,
ya ɓare mata da haƙoransa.

Wubalem ta zuba mini buna zagaye uku.
Hayaƙin turare ya tsaya tsakaninmu kamar labule.
A kofi na uku ta ce,
ke da kike leƙa cikin mutane,
wa ya kawo mini shi gida?

Tariku yana bakin ƙofa yana gyara igiyar takalmi.

Na ce, iya, wanda ya kawo bai san ya ɗauko ba,
wanda ya ba shi ma haka,
har a koma kan wani fasinja da ya yi hamma
a wani gari da ba mu san sunansa ba.
Ban yi ƙarya ba.
Na dai zagaye gaskiya kamar mai zagaye rijiya da dare.
Kuma faranti ba ya nuna wa ya riga wa:
wataƙila ita ta ba shi, a sumbar ban kwana.

Na roƙe ta ta kawo sauran yaran allura ran Asabar.
Ta ce to.

Da na koma ɗakin gwaji, Dagne ya tafi, an ɗauke wuta.
Na kunna tocila, na fuskanci gilashin taga,
na tuna bakuna nawa suka huro mini yau,
na tuna ɗana da ke jiran in hura masa kunu.

Na ɓare sabon tsinke.
Na ce aaa.